Jelar Rigata da Bishiya Mai Doro

Zuwa ga taron shekara na sansanin farauta na Rafin Tackett.

Ni ne Lyman Prewitt, wanda ya koyar da lissafi shekara talatin da huɗu a sakandaren garinmu. Rabin waɗanda za a karanta wa wannan takarda sun taɓa tsayawa a gaban allona suna sosa ƙeya, saboda haka ba sai na ce a yi shiru ba. Na rubuto ne domin an zalunce ni a farkon Nuwamba, kuma labarin da yake yawo a shagon aski da ƙofar coci ya sha gishiri har ni kaina ban gane shi ba. Ban yi kuka ba. Wandona bai cire ba. Barewar kuma ba ta lashi fuskata ba. Saboda waɗanda ba su zo sansani a wancan mako ba, ga yadda abin ya faru daki-daki, har da wuraren da ba su yi mini kyau ba, domin ni ba na cire lamba daga lissafi don kawai ta ɓata mini amsa.

Kowa ya san al'adarmu. Wanda ya harbi barewa ya kuskure, a yanke jelar rigarsa, a kafa ta da ƙusa a bangon ɗakin cin abinci, a rubuta sunansa da rana. Bangon nan ya cika har ya fara cin ƙofa. Hoyt Mabry, sa'ana, mai dafa mana abinci, shi kaɗai yana da guda tara a wurin, in aka haɗa su za a yi wa jariri bargo. Ni kuwa shekara ashirin da bakwai nake zuwa da riga ɗaya, ta ulu, ja da baƙi, wadda matata Nadine ta ɗinka mini da hannunta a shekarar da na shiga sansani, kuma ko zare ba a taɓa cire mata ba. Hoyt yana cewa wai don ba na harbi ne. Ƙarya yake yi. Na harba sau huɗu, na samu sau huɗu. Mutum mai hankali ba ya sakin kibiya sai ya gama lissafi, in barewa ba ta jira ba wannan matsalarta ce.

Ranar Juma'a da magariba muna cin wake da burodin masara, sai shugaban sansani Darrell Yocum, mai sana'ar kafa shinge, wanda ya maimaita ajina, ya kawo maganar wani namijin barewa mai ƙaho rassa goma.

"Ya dawo gindin kanyoyin nan na bakin rafi," in ji shi. "Na ga sawunsa, kamar na maraƙi. Sai dai babu inda mutum zai zauna masa. Iska daga yamma take zuwa, duk wata bishiyar kirki tana inda zai shaƙi warinka tun kana ɗaure takalmi. Mai Doro ce kawai a wurin da ya dace, ita kuwa ba ta ratayuwa, kujerar fako ba ta zama a jikinta."

Sababbin shiga ba su san Mai Doro ba. Tsohon itace ne, irin wanda ake kira oak, da ya tashi a miƙe har ƙafa shida, sai ya tuna wani abu ya karkata gabas, ya sake shawara ya murɗe, daga nan ya duƙa kamar tsoho yana neman allura a ƙasa.

Na ajiye cokali na ce, "Babu bishiyar da ba ta ratayuwa. Akwai dai mutanen da suka yi barci a darasin kusurwa."

"To fa," in ji Hoyt daga bakin murhu. "An buga ƙararrawa, yara a shiga aji."

"Gobe da rana zan rataya kujerata a jikin Mai Doro cikin minti goma sha ɗaya. Daidai wa daida, ko kofi ka cika ka ajiye ba zai zube ba. Kuma ko kurege ba zai san na zo ba."

"Lyman, kai da gwiwarka take ƙara in ka tashi daga benci? Daga nan kicin nake jin ta."

"Gwiwata ta fi bakinka shiru."

"Ita dai ta fi bakanka aiki."

Ba da ka na yi wannan alkawari ba, ina so a san haka. Tun damina nake shiri. Na sayi kujerar bishiya irin ta zamani, mai naɗewa, wadda ake goyawa a baya, da dandamalin sa ƙafa da guntayen tsani huɗu da ake ɗaurewa a jikin bishiya ɗaya bisa ɗaya. Duk inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe na naɗe shi da tsofaffin safar Nadine, har da wasu da ta ce ba tsofaffi ba ne. Na sassaƙa weji goma sha biyu na katako, 'yan guntaye masu tsini da ake cusawa a daidaita abu, kowanne da kaurinsa, na sa musu lamba. Na aro ma'aunin magina, dogon ƙarfen nan mai ɗigon iska a cikin ruwa, wanda in ɗigon ya tsaya a tsakiya ka san abu ya daidaita. Na yi gwaji sau arba'in a bayan gida, Nadine tana duba agogo ta tagar kicin. Abin da kawai za a iya zargina da shi, bishiyar da na yi gwajin a jikinta miƙaƙƙiya ce kamar rula.

Da aka watse Darrell ya biyo ni har bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Malam, in dai ka dage, ta bayan doron za ka hau, kada ka shiga ƙarƙashin cikinta. Kuma in ka rataya kujerar, ka fara taka ta da ƙafa ɗaya ka danna sosai, haƙoranta su ciji ɓawo, sannan ka yi gyare-gyarenka."

"Darrell, shekara biyu ina fama in koya maka kusurwa, yau kai ne za ka koya mini?"

"Shekara biyu da rabi, Malam."

Na riga na zana wurin a takarda. Ta bayan doro, jikin bishiyar yana kare kanyoyin. Ta ƙarƙashin ciki kuwa fili ne fetal, yadi goma sha takwas. Karkatar kuma ai don ita aka yi weji. A takarda babu inda abin ya samu matsala, kuma takardar tana nan ga duk mai son dubawa.

Ranar Asabar da ƙarfe biyu na goya kayana na gangara. Sauran mutane suka ce za su je duba shinge a kan tudun da yake tsallaken rafi. Mutum bakwai, da kujerun naɗewa, da flas ɗin kofi, da madubin hangen nesa guda biyu. Ban taɓa ganin shingen da aka duba a zaune ba.

Na isa gindin Mai Doro ina ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ƙwai. Na sa ɗamarar tsaro mai igiyar da ake ɗaurawa a bishiya don kada mutum ya faɗo, na danna agogo. Tsanin farko ya ɗauru lafiya, domin nan ne bishiyar take da sauran mutunci. Daga na biyu labari ya canza. Da na taka shi sai na ji bishiyar tana bisa kaina, bayana kuma yana kallon ƙasa, kamar ƙuda a jikin silin. A nan na gano cewa safa tana hana ƙara, amma tana da santsi. Ƙafata ta zame, haɓata ta sauka a kan mataki na sama, na ciji harshe. Ban ce uffan ba. A rubuta wannan.

Minti goma sha ɗaya suka cika ina kan tsani na uku, hannu ɗaya rungume da bishiya, igiya a baki, ɗayan hannun yana lalube ta baya yana neman bakin igiyar da yake a bakina.

Da na kai ƙafa goma sha takwas na jawo kujerar na rataya. Igiyar da take ɗaure ta irin ta ɗaurin kaya a mota ce, mai ƙarfen ja, duk ja ɗaya sai ta ce ƙas. Na tanadi dabara: zan ja ne kawai in iska ta kaɗa ganye. Iskar da ta yini tana busawa ta zaɓi wannan lokaci ta tafi hutu. Na jira minti goma ina rataye. Sai wani hankaka ya sauka a reshen sama ya yi kuka, na ce madalla, na ja tare da shi. Ya yi kuka, na ja. Ya yi kuka, na ja. A karo na huɗu ya lura akwai mai amsa masa. Ya sunkuyo ya dube ni, ya tafi ya kira danginsa. Ba a jima ba hankaki wajen ashirin suka cika Mai Doro suna shelar cewa ga wani tsoho nan a manne. Wani kurege ya fito daga rami ya zauna dab da kunnena yana zagina, bai ko tsaya shan iska ba.

Duk da haka na ci gaba. Na ɗora ma'auni a kan dandamali. Ɗigon ya gudu hagu ya ɓuya. Na cusa weji mai lamba uku, ya tsere dama. Na sa mai lamba biyar a ɗaya gefen, ya dawo, ya wuce tsakiya a guje bai ko gaishe ni ba, kamar ɗalibin da ya san za a tambaye shi aikin gida. Na daidaita hagu da dama, na juya ma'aunin, sai na tarar gaba ta sunkuya. Na gyara gaba, hagu ta ɓaci. Guduma ba ta yiwuwa saboda ƙara, da tafin hannu nake tura wejin, har yau akwai sartse biyu da Nadine ba ta iya cirewa ba. Weji tara suka shiga. Bayan awa ɗaya da minti hamsin, ɗigon ya zo tsakiya ya tsaya cak. Na juya ma'aunin ta kowace fuska, bai motsa ba.

Ina so taro ya san cewa a wannan lokaci kujerar nan ta fi teburin coci daidaito. Mutum biyu sun gani da madubi.

Kuskurena shi ne na so sauran biyar ɗin ma su gani. Na ɗaga ma'aunin sama na juya shi wajen tudu. Hannuna ya yi gumi. Ma'aunin ya sulluɓe, ya bugi tsani na huɗu, ya bugi na uku, ya bugi na biyu, ya bugi na ɗaya, kowanne a daidai inda babu safa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ƙararrawar tashi daga makaranta. Bai tsaya nan ba, ya gangara ya sami dutse ɗaya tak da yake bakin rafin ya yi masa sallama. Barewa bakwai da suke kwance a cikin sarƙaƙiya suka tashi, na ƙirga fararen wutsiyoyinsu suna tsallake tudu. Daga tsallaken rafi na ji tafi.

Da wani ne, da a nan ya haƙura ya sauko. Ni na ce minti goma sha ɗaya da shiru sun tafi, amma daidaito yana nan, kuma ɗaya cikin uku ba sifiri ba ne.

Maganar Darrell ta taka kujera a danna ta faɗo mini. Na ƙi. Awa biyu na yi ina lallashin ɗigon nan, ba zan sa ƙafa in tattake aikina ba. Sai na mayar da igiyar ɗamarata can sama na ɗaure, na hau dandamalin a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ni. Na auna kujerar babu kowa a kanta, ni kuwa Nadine ba ta wasa da ciyar da miji. Kujerar ta yi wani dogon nishi, ta sunkuya gaba, ta karkata hagu. Na zauna da rabin mazaunai, na jawo bakana da igiya, na ɗana kibiya. Duk minti ɗaya sai in ji na zame kamar faɗin yatsa. Domin in tsayar da kaina sai na tokare ƙuguna da jikin bishiya da ƙarfi. Wani abu ya ce ƙwas a aljihun baya.

Kwalbar fitsarin barewa mace ce, wadda take neman namiji, irin da ake sayarwa a shagon kayan farauta. A jikin kwalbar an rubuta ɗigo biyu a auduga, a rataya nesa da mutum. Ni kwalba guda ta juye a wandona. Idona ya kawo ruwa. Kuregen nan ya yi shiru a karo na farko, ya koma raminsa.

Ba a yi minti ashirin ba na ji takun ganye. Duk ƙararrawar da na buga, duk hankakin nan, sai ga mai rassa goma ya fito daga sarƙaƙiya, wuya a kumbure, hanci a sama, leɓe a naɗe. Ko kallon kanya bai yi ba. Kai tsaye ya nufo Mai Doro. Shekara ashirin da bakwai ban ga irinsa ba. Daga zaune ba zan iya jan baka ba, dole in miƙe. Na miƙe a hankali, a hankali. Gwiwata ta yi ƙara.

Ba ita ta kore shi ba. Nauyina ne ya koma bakin dandamali, sai weji mai lamba uku ya fice, fit, kamar an tofar da ƙwallon kanya. Mai lamba biyar ya bi shi. Sauran bakwai suka fita tare ba bisa tsarin lamba ba. Dandamalin ya sunkuya kamar harshen kare, ƙafafuna suka tafi gabas, ɗamarar tsaro ta fizge ni ta inda ba zan rubuta ba. Kibiyar ta zame daga tsirkiya, ta yi ƙasa da kanta, ta kafe a tsaye a gaban ƙafafun barewar.

Yanzu na gane dalilin da ya sa ake hawa ta bayan doro. Wanda ya zame ta baya, jikin bishiya zai faɗa. Wanda ya zame ta ƙarƙashin ciki, iska zai tarar. Ina lilo ƙafa uku daga jikin bishiyar, baka a hannu, ina juyawa a hankali kamar naman da aka rataya. In na juyo in ga barewa, in ga rafi, in ga mutanen tudu a tsaye, in ga kujerata, in sake ganin barewa.

Bai gudu ba. Ya sunsuni kibiyar, ya sunsuni weji, ya ɗaga kai ya yi mini wani irin kallo da rabon da a yi mini shi tun ina neman aure. Ya yi gurnani a hankali. Ya zagaya ƙarƙashina sau biyu. Da ya ga ba zan sauko ba, sai ya huce a kan tsanin farko, ya sa ƙaho ya yayyaga safar Nadine.

Alamar neman taimako a sansaninmu kukan mujiya ne sau uku. Na yi, domin ko a lokacin ina so in kiyaye abin da ya rage na shiru. Daga tudu wata mujiya ta amsa mini, mai muryar Hoyt. Ƙafafuna suka fara mutuwa. Sai na ajiye farauta gefe, na ɗauko muryar da na yi shekara talatin da huɗu ina aiki da ita.

"Darrell Yocum! Zo nan yanzu!"

Barewar da ba ta ji tsoron ƙarfe da hankaki ba, wannan ta ji. Tsalle uku ta ɓace. Adalci ya sa in rubuta cewa Darrell ya riga ya taso tun lokacin da na zame, yana kan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu da dogon tsani a baya. Amma ya gaya mini da bakinsa cewa da ya ji kiran, sai da ya duba ko akwai cingam a bakinsa.

Suka jingina tsani, Darrell ya hau ya kamo ƙafata ya jawo ni. Yana isowa kusa ya kau da kai.

"Malam, me ya mutu a aljihunka?"

"Yi aikinka."

"Sannu, Lyman," in ji Hoyt daga ƙasa, hannu a hanci. "Na zo da kofin, a ina zan ajiye? Ka ce ba zai zube ba."

"Kujerar ta daidaita. Kun gani."

"Mun gani mana. Kujera ta ci jarrabawa, malamin ne ya faɗi. Amma saurayin naka ya yi kyau, wallahi. Iyayensa sun san da maganar?"

A bayan a-kori-kura na koma sansani, ni da tsani. Ba wanda ya yarda in shiga gaba. Karen Hoyt ma da yake bayan ya sauka ya bi mu a ƙasa.

Ranar Lahadi bayan abincin rana aka zauna kotu kamar yadda aka saba, Darrell a kan kujerar alƙali da ludayi a hannu. Hoyt ya shigo riƙe da kibiyata a kan faranti.

"Ranka ya daɗe, ga kibiya. Ga ƙasa a bakinta. Babu jini, babu gashi. Barewa tana wurin, mutum bakwai shaida ne. Ina neman jela."

Na miƙe. "Ban harba ba. Kuskure yana buƙatar harbi, harbi yana buƙatar a ja tsirkiya, a auna, a saki. Ban ja ba, ban auna ba, ban saki ba. Kibiyar faɗuwa ta yi, kamar yadda ma'auni ya faɗi, kamar yadda weji tara suka faɗi. Ko za a ce na harbi barewa da weji?"

"Biyu sun same shi a baya," in ji wani daga ƙarshen tebur. "Da wejin ka fi iyawa, Malam."

Darrell ya buga ludayi. Na ga maganata ta shige shi, domin yaron ba shi da mugunta, lissafi ne kawai ba shi da shi. Ya ce, "Gaskiya Malam yana da hujja. Ni ban ga ya ja ba."

"A kawo littafi," in ji Hoyt.

Aka sauko da littafin dokokin sansani daga kan kanta, aka kaɗe ƙura. Hoyt bai ko laluba ba, ya buɗe shafin kamar kullum a nan yake kwana. Ya miƙa wa Darrell, Darrell ya karanta yana bin layi da yatsa.

"Doka ta shida. Duk kibiyar da ta bar tsirkiya, ta kowace hanya, alhali akwai barewa cikin yadi arba'in, kuma ba a kawo nama ba, kuskure ne. Ba a karɓar uzuri." Ya ɗaga kai. "An ja layi biyu a ƙarƙashin ta kowace hanya. Da jan biro."

"Rubutun wa ne, ranka ya daɗe?" in ji Hoyt.

Darrell ya dubi shafin, ya dubi ƙasa. "Na san rubutun nan. Na sha ganinsa a takarduna."

Ni na rubuta ta. Shekara goma sha tara da suka wuce Hoyt ya harbi barewa, kibiyarsa ta bugi reshe, ya zo yana cewa wai reshe ne ya kuskure ba shi ba. Na ga doka tana da ɓaraka, na zauna na toshe ta yadda ko sauro ba zai wuce ba. A ranar na yi alfahari da wannan jimla. Har yau ma ban ga abin gyara a cikinta ba.

Ban taɓa canza wa ɗalibi maki don ya yi mini magiya ba, ba zan fara da kaina ba. Na ce hukunci ya yi daidai. Na fitar da rigata daga wando, na juya baya, na miƙe kamar soja. Hoyt ya zo da wuƙar yankan nama. Na ji ya kama, na ji ƙarar yanka, na ji ƙarar tana ci gaba, na ji tana hawa. Sai na ji sanyi a tsakanin kafaɗuna. Ɗakin ya ɓarke da dariya, wani ya faɗo daga benci, wani kofi ya fito masa ta hanci.

A nan zaluncin yake. Doka ta bakwai, wadda take ƙarƙashin ta shida a shafi ɗaya, kuma ba wanda ya ga damar karanta ta, ta ce jela inci huɗu ce. Da aka kafa tawa a bango na ɗauko rula na auna a gaban kowa. Inci goma sha tara. Ta rufe jelar mutum uku.

"Hoyt, mene ne wannan?"

"Hannuna ne ya zame. Daɓen nan ba daidai yake ba, da ka kawo wejinka."

"Inci goma sha tara ba zamewa ba ce."

"To ka ce shekara ɗaya, inci ɗaya. Kai ne mai lissafi."

Da na koma gida Nadine ta sa na tsaya a tsakar gida, wandon ta ɗauke shi da sanda ta kai bayan gareji ta ƙone. Ta juya ni ta dubi rigar. Ta shafa bakin yankan da yatsa, abin da ya fi dariyar mutum bakwai zafi. Daga baya ta ce irin wannan ulu an daina saƙa shi, idonta kuma ba na da ba ne, amma in aka dawo da ƙyallen za ta iya mayar da shi yadda sai an duba za a gane. In ba a dawo da shi ba kafin Kirsimeti, abin da ya rage za ta yi wa mage shimfiɗa da shi. Ta kuma tambayi safarta. Na ce wannan wata magana ce daban.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Ba na neman a hukunta Hoyt, shekarunsa da girkinsa sun ishe shi. Ba na neman a soke shari'a. Inci huɗu naku ne, na same su da gumina, ku bar su a bango ku rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Sauran inci goma sha biyar na Nadine ne. Zan zo taro da rula da almakashi, a sauko da ƙyallen a shimfiɗa a kan tebur, Darrell ya riƙe gefe ɗaya. Ni zan auna, ni zan yanka. Hoyt Mabry kuma ya zauna inda nake ganinsa, hannuwansa biyu a kan tebur.

Lyman Prewitt,
malamin lissafi mai ritaya.